Inda ya dace a ɗebi samfurin ruwan masana'antar fata

Ka tambaya ko mai duba masana'antar jima zai iya ɗibar samfur daga tankin da manaja ya nuna masa. A'a, malam. Ka ɗiba a bakin bututun ƙarshe, inda ruwan ke fita daga harabar kamfanin zuwa kwata, domin wannan ruwan ne NESREA, hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli ta Najeriya, ke dubawa. Auna pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, nan take, cikin minti 15. Ya kamata ya faɗa tsakanin 6 da 9. Kwalbar BOD, wato gwajin yawan iskar oksijin da ƙwayoyin halitta ke sha wajen ruɓar da dattin ruwan, ta shiga kula mai ƙanƙara, ta isa ɗakin gwaji kafin awa 48. Ta kiromiyam, ƙarfen da ke cikin sinadarin jima, a ɗiga mata asid na naitirik har pH ya sauka ƙasa da 2, in ba haka ba ƙarfen zai manne a jikin kwalba, sakamakon ya fito ƙasa da gaskiya.

Sharaɗi ɗaya: ka je ba sanarwa, lokacin da gangunan jima ke juyi. A unguwannin masana'antu na Challawa ko Sharada a Kano, in ka tarar da ruwa garau alhali warin ruɓaɓɓen ƙwai ya cika wurin, bi bututun da ƙafa tun daga tushe. Sau da yawa akwai ɓoyayyar hanya da ke kauce wa matatar ruwan kamfanin, ko kuma an sirka da ruwan burtsatse.