Na nemi samfuri miliyan 30, awo ya fito ba daidai ba: na'urar ta lalace ne?

Tambaya: Malam, ina da dijitaiza, wato na'urar da ke ɗaukar samfuran siginar lantarki ta mai da su lambobi, agogon tushenta MHz 100 ne. Na saita ta a kan samfuri miliyan 30 a sakan, sai siginar MHz 1 ta fito kHz 900 a FFT, wato lissafin da ke nuna mitar sigina. Na jona mata agogon MHz 10 daga waje, ba ta canza zani ba. An ce in kai ta gyara, hankalina ya tashi.

Amsa: Kwantar da hankalinka, lafiyarta ƙalau. A irin wannan na'ura, agogon ɗaukar samfuri daga agogon tushe ake samo shi, ta hanyar raba shi da cikakkiyar lamba. Ka raba 100 da 3 ka sami 33.33, ka raba da 4 ka sami 25. Babu 30 a tsakani. Sai direban, wato manhajar da ke sarrafa na'urar daga kwamfuta, ya zaɓa maka 33.33 bai ce maka uffan ba.

Nan ne mutane ke faɗawa rami kullum: ɗauka cewa abin da ka rubuta shi na'ura ta yi. Samfuran sun zo a 33.33, kai kuma ka yi lissafi da 30, dole kowace mita ta ragu da kashi 10 cikin ɗari. Ga 900 ɗinka nan. Abin tsoron shi ne hoton siginar yana fitowa tsaf, babu alamar matsala, har a sa hannu a rahoto. Masu cewa a kai gyara kuwa, ko littafin na'urar ba su buɗe ba. Ai ɓata lokacinka kawai za su yi! Bayan kowane saiti, ka karanto ainihin saurin daga direban, da shi za ka yi lissafi.

Agogon MHz 10 ɗin ba ya sauya sauri. Aikinsa ɗaure agogon tushe ta PLL, da'irar da ke sa agogo ɗaya ya bi wani, don kada ya kauce. Misali, idan agogon tushe na da kuskuren ppm 25, wato kashi 25 cikin miliyan, yana nufin makirosakan 25 a kowane sakan, kuma rabawa ba ta rage shi.

Ka kula, wajen rage sauri, na'urori da yawa zubar da samfura kawai suke yi, ba tace sigina ba. A 33.33, siginar MHz 20 za ta bayyana a 13.33, sai ka sa matatar sigina (filta) kafin na'urar. Idan lallai 30 kake so, ba ta agogon samfuri na waje in tana karɓa, ko ka ɗauka a 100 ka sauya saurin a kwamfuta.