Mun Sabunta Shafin Ƙungiya Sai Ya Birkice: Tambayoyinku da Amsoshinmu

Wasiƙun wannan fitowa duk daga masu kula da shafukan ƙungiyoyi ne a matsayin aikin sa-kai, kuma dukkansu da WordPress, manhajar gina shafukan intanet, suke aiki.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ke kula da shafin ƙungiyarmu ta tsofaffin ɗalibai. Daren Juma'a na sabunta fulogin (ƙananan manhajojin da ake ƙara wa shafi) goma sha ɗaya a lokaci guda, a makon ne kuma kamfanin da ke ba mu masauki ya ɗaga mana PHP, harshen kwamfuta da shafin ke aiki da shi, zuwa siga ta 8. Tun daga nan shafin ya koma fari fat, sai layi ɗaya da ke cewa an samu babbar matsala. Ko shiga ciki ba na iyawa. Shin labaranmu da hotunanmu na shekara shida sun tafi ke nan?
*Sakataren ƙungiya, Zariya*

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Kwantar da hankalinka. Labaranku suna cikin rumbun bayanai, hotuna kuma suna cikin jakar wp-content/uploads, kuma irin wannan matsala ba ta taɓa ko ɗaya daga cikinsu. Wani fulogi ne ya ci karo da umarnin da sabon PHP bai sani ba, sai komai ya tsaya cak.

Fara duba akwatin imel ɗin da aka yi wa shafin rajista da shi, har da wurin saƙonnin banza. Tun daga sigar 5.2 ta shekarar 2019, WordPress kan aiko da saƙo ɗauke da sunan fulogin da ya yi laifi, da wata mahaɗa ta musamman da za ta shigar da kai ciki ka kashe shi. A shafukan ƙungiyoyi, sau da yawa saƙon yana zuwa ne wa mutumin da ya gina shafin tun farko, wanda ƙila ya daɗe da barin aikin. Idan haka ne, ka bi ta bayan gida.

Shiga cPanel, wato allon sarrafa asusunku na kamfanin masauki, ka buɗe File Manager, ka nemo fayil ɗin wp-config.php. Ka fara ajiye kwafinsa a kwamfutarka kafin ka taɓa shi. Sannan ka mayar da WP_DEBUG zuwa true, ka ƙara WP_DEBUG_LOG shi ma true, ka sa WP_DEBUG_DISPLAY ya zama false don kada baƙi su ga bayanan cikin gidanku. Sake buɗe shafin sau ɗaya. Za ka ga sabon fayil mai suna debug.log a cikin wp-content. Gangara can ƙasa, ka nemi layin da ke ɗauke da kalmomin Fatal error. A ƙarshen layin akwai adireshin fayil ɗin da ya faɗi, kuma sunan da ke biye da plugins/ shi ne mai laifin. Canza wa jakarsa suna, ko da ƙara harafi ɗaya ne a ƙarshe. WordPress zai neme shi ya rasa, ya kashe shi, shafin ya tashi.

Abin da muka fi zargi a wurinka shi ne tsohon fulogi da mai shi ya daina kula da shi. PHP 8.0, wanda ya fito a Nuwamba 2020, ya cire wasu tsofaffin umarni gaba ɗaya, irin su create_function da each. Idan ka ga ɗayansu a layin, to maganar ke nan. In kuwa layin yana cewa Allowed memory size ne, ƙwaƙwalwar da aka ware ce ta yi kaɗan. WordPress kan fara da megabait 40, sai ka ƙara WP_MEMORY_LIMIT a wp-config.php ka sa 256M, matuƙar kamfanin masaukinku ya yarda da hakan.

Kana iya mayar da PHP zuwa 7.4 daga cPanel don shafin ya dawo a daren nan, amma kada ka zauna a kai, domin an daina toshe masa kafofin tsaro tun Nuwamba 2022. Ka ba kanka mako guda ka nemo madadin fulogin. Idan ka gama, ka kashe WP_DEBUG, ka goge debug.log, don wanda ya san adireshinsa yana iya karanta shi daga waje.

Tambaya: Bayan mun ƙaura zuwa sabon masauki mun sabunta komai, haruffan ƙ da ɗ da ɓ duk sun lalace a rubuce-rubucen mambobinmu. Me ya jawo?
*Wata marubuciya, Maraɗi*

Amsa: Hajiya, ba ki faɗa mana yadda suka lalace ba, kuma maganin yana ga kamannin lalacewar. Iri uku ne.

Idan ƙananan akwatuna kike gani a gurbin haruffan, ko kuma harafin ya fito amma siffarsa ta bambanta da 'yan'uwansa, rubutun lafiya yake. Sabuwar rigar shafin (theme, wato tsarin kamanninsa) ce ta zo da salon rubutu da ba shi da haruffa masu lanƙwasa. Ki canza zuwa Noto Sans ko Andika, duka suna da su.

Idan kuwa "ƙasa" ta koma "Æ™asa", ɗ ta koma É—, to rubutun da aka adana da tsarin UTF-8 ne ake karanta shi da tsohon tsarin haruffan Yammacin Turai. Kowane harafi mai lanƙwasa gurbi biyu yake ci, sai aka karanta kowane gurbi daban. Ki buɗe wp-config.php na tsohon masauki da na sabo, ki gwada layin DB_CHARSET, domin sau da yawa nan bambancin yake. Muna roƙonki kada ki sa mambobi su fara gyara labarai ɗaya bayan ɗaya da hannu. Ranar da aka daidaita tsarin, waɗanda aka gyara su ne za su koma su lalace.

Na ukun shi ne mai ciwo: alamar tambaya zalla, "?asa". Wannan yana nufin haruffan sun salwanta a lokacin kwashe rumbun, babu saitin da zai dawo da su. Sai an koma tsohon masauki an sake fitar da rumbun ta phpMyAdmin, manhajar sarrafa rumbun bayanai, da tsarin UTF-8, a zuba shi cikin sabon rumbu mai utf8mb4. Saboda haka kada ku rufe tsohon asusun tukuna.

Tambaya: Shafin farko yana buɗewa, amma kowane labari aka danna sai 404. Kuma wasu mambobi suna cewa har yanzu tsohon shafi suke gani.
*Mai kula da shafin unguwa, Kumasi*

Amsa: Ɗan'uwa, shiga Settings na WordPress, sai Permalinks, ka danna maɓallin adanawa ba tare da canza komai ba. Hakan zai sake rubuta ƙa'idojin .htaccess, fayil ɗin da ke nuna hanyar adiresoshin shafi, labaran su dawo. Masu ganin tsohon shafi kuwa, tsohon kwafi ne ya maƙale. Ka share ma'ajiyar wucin-gadi ta fulogin da ke sa shafin sauri, ka share ta Cloudflare idan kuna amfani da shi, sannan su kuma su share ta burauzar wayarsu.

Tambaya: Tun da muka sha wahala bayan wata sabuntawa, shugabanmu ya ce a daina sabunta shafin kwata-kwata. Yana da gaskiya?
*Ma'ajin ƙungiyar ci-gaban gari, Gusau*

Amsa: Malam Ma'aji, mun fahimci Shugaba, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma ba mu goyi bayan shawarar ba. Da yawa daga cikin sabuntawar fulogi toshe kafar kutse ne, kuma da zarar an sanar da kafar, masu kutse suna sakin manhajoji su bi shafuka suna neman waɗanda ba su toshe ba. Ba ruwansu da ƙanƙantar ƙungiya. Shafin da ke ɗauke da sunaye da lambobin wayar mambobi amana ce a hannunku.

Yadda ake sabuntawar ne ya kamata ku gyara. Kafin a danna komai, a ɗauki cikakken kwafi, fayiloli da rumbun bayanai duka, da fulogi irin UpdraftPlus, a ajiye shi a Google Drive, don kwafin da ke zaune a masauki ɗaya da shafin tare za su tafi. A gwada dawo da kwafin ko sau ɗaya, a tabbatar yana aiki. Idan masaukinku yana da Softaculous, manhajar girka shafuka, ana iya yin tagwayen shafin a fara gwaji a kansa.

Sannan a riƙa sabunta fulogi ɗaya-ɗaya. Bayan kowanne a duba abu huɗu: shafin farko, labari guda, shiga asusu, da fom ɗin aiko da saƙo, a waya da kwamfuta. A zaɓi lokacin da mai aikin ke da awa biyu a hannu, da caji da data, ba jajibirin taron shekara ba. Duk gyaran da za a yi wa rigar shafin a yi shi a cikin 'yar riga ta daban da ke gadon babbar, in ba haka ba sabuntawa ta gaba za ta share shi.

Ku buɗe imel na ƙungiya, shi za a sa a shafin da wurin kamfanin masauki, mutum biyu su riƙe kalmar sirri. Ku ajiye littafi guda da za a riƙa rubuta rana, abin da aka sabunta, daga wace siga zuwa wace. Mambobi kuma ku koya musu kawo ƙorafi cikakke, domin "shafi ba ya aiki" ba ya kai mai gyara ko'ina. Su turo hoton allon wayarsu, adireshin da suka buɗe, abin da suka danna, da irin burauzar da suke amfani da ita.