Takardar Banki Ta Zo Gidana Da Sunan Wanda Ban Sani Ba

Tambayoyin wannan mako kusan duk a wuri ɗaya suka haɗu: takarda, adireshi da sunan wani. Bari mu fara da wadda ta fi shiga damuwa.

Wata uwa daga Sabon Gari: Assalamu alaikum Malam. Maigidana ya rasu shekara huɗu ke nan, ina zaune da yara, kuma ina ba da hayar ɗaki biyu. Sau uku wani mai babur yana kawo ambulan na banki. Kwatancen gidana ne a jiki, amma sunan wani namiji ne da ban taɓa ji ba. Zuwansa na ƙarshe ya ce mini takardar gargaɗin bashi ce. Wallahi barci ya ƙaurace mini. Za su karɓe mana gida ne?

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya jiƙan maigida, ya raya abin da ya bari. Ki kwantar da hankalinki ki yi barcinki. Bashi yana bin wanda ya sa hannu ne, ba ya bin bango. Banki ba ya iya taɓa gida saboda bashin wani sai in mai gidan ne da kansa ya jinginar da shi a rubuce. Saboda haka tun yau ki buɗe akwati ki tabbatar takardun gidan suna nan yadda maigida ya bar su, babu wani ɗan uwa da ya karɓa da sunan zai yi kwafi ya manta bai maido ba. In suna hannunki, rabin damuwar ta wuce.

Yadda irin wannan yake faruwa ba ya wuce hanya uku. Ko tsohon ɗan haya ne ya buɗe asusu lokacin da yake gidanki, ya tashi bai canza adireshi ba, kuma kin san shi da laƙabi ne kawai, ba da sunan da ke kan katinsa ba. Ko kuskuren kwatance ne, don a Damagaram adireshinmu shi ne "bayan masallaci, gida na uku mai jar ƙofa", kuma gida mai jar ƙofa a bayan masallaci ba ɗaya ba ne. Ko kuwa wani ne ya ba da gidanki da gangan, don in ranar biya ta zo a neme shi a rasa. Zuwa ɗaya ana iya cewa kuskure. Zuwa uku kuwa, ruwa ba ya tsami banza.

Ga abin yi. Kada ki buɗe ambulan, domin doka ta hana buɗe wasiƙar wani, kuma wanda ya buɗe ya ba da ƙofar a ce ya san mai ita. Kada ki ƙone ta, kada ki ba yara su yi wasa da ita. Ki sa a ɗauki hoton gabanta da waya, yadda suna, kwatance da tambarin bankin za su fito sarai. A jikinta a rubuta da biro *Inconnu à cette adresse*, wato ba a san shi a nan ba, a sa kwanan wata. In mai babur ya miƙo littafi ya ce ki sa hannu, ki ƙi, kuma ki gargaɗi yara da 'yan haya. Sa hannun yaro ɗan shekara goma sha biyu ya isa a rubuta a fayil cewa "an karɓa a gidansa".

Sannan ki ɗauki ambulan ɗin da ƙafarki zuwa reshen bankin, tare da babban ɗanki ko wani mai karatu da kika yarda da shi. Kada ki kira lambar da mai babur ya ba ki, ba ki san wa zai ɗauka ba. Ki tafi da gajeriyar wasiƙa kwafi biyu, mai cewa ke ce mai gidan, wane ba ya zaune a ciki, kina neman a cire adireshinki daga fayil ɗinsa. Su riƙe ɗaya, su buga miki hatimi da kwanan wata a ɗayar. Wannan kwafin mai hatimi shi ne garkuwarki. Maganar baki da ma'aikacin kanta, in an canza masa wurin aiki, ta tafi da shi. Ba za su gaya miki nawa ake bin mutumin ba, sirrin banki ne, kada ki ji haushi. Abin da ya halatta ki tambaya shi ne da wace takarda aka shaida cewa a gidanki yake.

Daga nan ki biya wajen mai unguwa ki sanar da shi. Mafi yawan bankuna suna neman takardar shaidar zama ko faktir ɗin wuta ko na ruwa kafin su buɗe asusu, ke nan akwai wata takarda da ta fita da kwatancen gidanki. In ta bayyana ta jabu ce, ki shigar da ƙara a komisariya, ki karɓi shaidar shigar da ita.

Saura abu ɗaya da ya kamata ki sani, ba don ki tsorata ba. In banki ya gaji da aike, mai zuwa na gaba shi ne hussiye, ma'aikacin shari'a mai kama kaya. Dokar OHADA, wato dokar kasuwanci ta haɗin gwiwar wasu ƙasashen Afirka da Nijar take aiki da ita, ta ɗaure masa hannu: sai yana riƙe da takardar da ta ba shi ikon zartarwa, sai ya isar da umarnin biya aƙalla kwana 8 kafin kamun kaya, kuma ba ya farawa kafin ƙarfe 8 na safe ko bayan 6 na yamma, ko ran Lahadi da ranar hutu, sai da izinin alƙali. Kayan wanda ake bi kaɗai ake kamawa. In an yi kuskure an rubuta naki, kina da damar zuwa gaban alƙali a fitar da su, amma sai da hujja. Don haka rasiɗin firiji, talabijin da keken ɗinki, ki tattara su wuri ɗaya da takardar nan mai hatimi. In ya zo, ki nemi ya nuna katin aikinsa, ki aika a kira mai unguwa, ki nuna masa takardarki. Wanda kuwa ya zo ya ce ki ba shi jika biyar "ya kashe maganar", wannan ba hussiye ba ne, ɓarawo ne da jakar takardu.

Nan gaba kuma, duk ɗan hayan da zai shiga, ki rubuta sunansa kamar yadda yake a kati, da ranar shiga da ranar fita, a cikin littafi ɗaya.

Wani saurayi daga Garin Malam: Ina ɗauko wa maigidana wasiƙu a akwatin gidan waya. Na tarar da ambulan mai katin banki a ciki, sunan wani ne daban. Tunda babu mai shi, in na gwada a na'urar cire kuɗi akwai laifi?

Ɗana, wa ya gaya maka babu mai shi, alhali ga sunansa a rubuce? Kuma ta yaya ka san kati ne a ciki in ba buɗewa ka yi ba? Na'urar tana da kyamara, katin ba ya aiki sai da lambar sirri, kuma sunan abin da kake shirin yi sata. Ka gaya wa maigidanka yau, ku mayar wa bankin, ya kuma binciki wa yake ba da lambar akwatinsa ba da saninsa ba.

Wani ɗan kasuwa daga Kasuwar Dole: Wani abokin hulɗa da ke zirga-zirga tsakanin nan da Kano yana so in ara masa faktir ɗin NIGELEC na gidana da kwafin katina na ɗan ƙasa, zai buɗe asusu don ya riƙa karɓar kuɗin kaya. Ya ce zai ba ni jika goma. Mutumin kirki ne, muna sallah tare. Me ka gani?

Alhaji, kada ka ba shi. Kuma tunda ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi, ka yi haƙuri in ɗan tsawaita.

Ka tsaya ka tambayi kanka: mutumin kirki mai katinsa, me zai yi da naka? In adireshi ne ba shi da shi, ai yana da masauki, kuma masaukin yana da mai unguwa. In baƙo ne, bankuna sun san yadda ake buɗe wa baƙo asusu da takardunsa. Kuɗin kaya kuwa, ga kamfanonin aika kuɗi irin su NITA, Al Izza da Amana, kowa da sunansa yake karɓa. Wanda ya tsallake duk waɗannan ya zo neman sunanka, so yake kuɗi su shigo hannunsa, tambaya kuma ta zo ƙofarka. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Abin yana tafiya ne kamar haka. A damfari wani a Yamai ko Agadas ta waya, a ce ya tura kuɗi cikin asusu kaza. Kuɗi su shiga da safe, a kwashe kafin azahar. Wanda aka cuta ya kai ƙara. Masu bincike ba su san fuskar abokinka ba, abin da ke gabansu fayil ne, a cikinsa kuwa katinka da faktir ɗin gidanka. Bankuna wajibi ne su kai rahoton hada-hadar da ba su gane ba ga CENTIF, hukumar da ke bin sawun kuɗin haram, kuma tun 2019 ƙasar nan tana da dokar laifukan intanet. Ranar da aka zo, "ara masa na yi" ba ta fitar da kai, ita ce ma shaidar cewa da hannunka ka miƙa. Jika goman nan ba za ta biya ko zaman farko da lauya ba.

Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda muke riƙon takardunmu. Mutum zai sa wa shagonsa kwaɗo uku, ya ɗauki mai gadi, amma katinsa na ɗan ƙasa ya miƙa wa yaron shago ya je ya yi kwafi. A wajen mai kwafin a ɓata biyu, a jefa kwando, gobe ka ga an naɗe wa wani ƙosai da fuskarka da lambar katinka. Kwafin dala biyar ko goma ne, amma da shi ake yi wa layin waya rajista. Wata kuma za ta ga saƙo a WhatsApp wai ana rabon tallafi, ta ɗauki hoton katinta gaba da baya ta tura wa lambar da ba ta san mai ita ba, har ta tura na mijinta da na kishiyarta don kada a bar su a baya. Wane tallafi ne ake rabawa ba tare da mai unguwa ko ofishin magajin gari sun sani ba?

Gyaran ba ya cin ko dala. Duk kwafin da za ka bayar, ka rubuta a kansa da biro, rubutun ya ratsa ta kan hoton katin ba tare da ya rufe lamba ba: an ba wa wane, don abu kaza, ran kaza. Kwafi mai irin wannan rubutu ba ya shiga wani fayil cikin sauƙi. Wanda ya ɓaci a wajen mai kwafi ka biya ka karɓe ka yage da hannunka. Tsofaffin faktir a ajiye ko a ƙone, kada a ba mai gyaɗa. In kati ya ɓata, a ranar ka je komisariya ka yi takardar shaidar ɓata, don kwanan watan da ke kanta shi zai raba ka da duk abin da aka aikata da katin daga baya. Wanda kuma yake zargin an riga an ci bashi da sunansa, akwai ofishin bayanan bashi na Creditinfo da babban banki BCEAO ya amince da shi, inda bankuna da ƙananan cibiyoyin lamuni suke zuba bayanan masu bashi. Kana da haƙƙin ganin rahotonka kyauta sau ɗaya a shekara, ka tambayi bankinka hanyar nema.

Akwai kuma ƙanin wannan, wato "zo ka sa mini hannu kawai, shaida ce". Sau da yawa ba shaida ba ce, tsayawa ce: in bai biya ba kai za ka biya. Doka ta ce mai tsayawa sai ya rubuta da hannunsa iyakar kuɗin da ya ɗauka, da lamba da kuma haruffa, wanda bai iya rubutu ba kuma sai da shaidu biyu da za su tabbatar an bayyana masa abin da ya shiga. In aka ce ka kwafi wani adadi da hannunka, to ka san ba shaida kake yi ba.

Abokin naka ka ce masa za ka raka shi banki ya buɗe da sunansa. Ka ga ko zai zo.

Wata ɗaliba daga Jami'ar André Salifou: Na sayi sabon layi, sai saƙonni suke shigowa wai in biya bashi, da sunan wata mata. Jiya wani ya kira ya ce in karanta masa lambobin da za su shigo don ya goge sunana.

'Yata, kin kyauta da kika tambaya kafin ki karanta. Kamfanonin waya suna sake sayar da lambar da aka daɗe ba a yi aiki da ita ba, shi ya sa saƙon tsohuwar mai layin yake zuwa miki, kuma bashinta ba naki ba ne. Mai kiran nan kuwa asusunki na waya ko WhatsApp ɗinki yake son shiga, lambobin nan su ne mabuɗin. Ki toshe shi. Ki je ofishin kamfanin da katinki, ba wajen mai tebur a bakin titi ba, a duba cewa layin da asusun kuɗin da ke kansa duk da sunanki suke. In saƙonnin sun ƙi tsayawa bayan haka, ki sauya lamba tun ba ki raba ta ga mutane da yawa ba.

Wani tela daga Birni: Shekara da shekaru ina amfani da akwatin gidan waya na makarantar unguwarmu. In kama nawa ko in ci gaba?

In wasiƙar gaisuwa ce, ci gaba. In ka fara hulɗa da banki, da haraji ko da masu ba da kwangilar ɗinkin kayan makaranta, kama naka, Malam. Akwatin da mutum ashirin suke ba da lambarsa, mabuɗi kuma yana hannun mai gadi, ba wurin ajiye takardar kuɗi ba ne. Ka tambayi kuɗin hayar shekara a Niger Poste, ka biya a kanta ka karɓi rasiɗi, mabuɗin ya zauna a aljihunka. Ranar da ka samu sabuwar lamba ka rubuta wa bankinka su canza, in ba haka ba takardunka za su ci gaba da zuwa makaranta.