Amsa ga ƙanenmu da mahaifinsa ya hana shi aikin ƙungiyar Turawa

Assalamu alaikum. Ƙanena da ya yi tambaya daga Gusau, na karanta saƙonka sau uku tun da asuba. Ka ce ka samu aikin tafinta da wata ƙungiyar agaji ta ƙasar waje, amma Baba ya rantse ba zai ci kuɗin da aka biya ka don a lalata tarbiyyar mutane ba, kana kuma tambaya ko ka karɓa ko ka haƙura. Tamkar labarina ka ɗauko, sai dai ni ban shawarci kowa ba kafin in tsunduma.

Na shiga wannan harka a 2010, lokacin gubar dalma, kuma ba sai na tuna wa 'yan wannan zaure abin da ya auku a ƙauyukan Dareta da Abare da Yargalma na Zamfara ba, inda yara sama da 400 suka rasu. Abin da ya tsaya mini a rai tun lokacin shi ne yadda farashin zinare, da ya haura dala 1,000 kowace oza a kasuwannin ƙasashen Turawa, ya sa magidanta suka riƙa kwaso dutsen zinare mai ɗauke da dalma zuwa cikin gida ana niƙa shi a tsakar gidan da yara ke rarrafe, sannan daga can ɗin dai likitoci suka taso suka zo ceton yaran. Likitocin nan na shaide su da alheri, sun kwana a inda namu ke ƙin kwana, don haka kada wani ya ɗauka da su nake.

Wadda ta cuce ni wata ƙungiya ce daban, ba zan kama sunanta ba, da ta zo bayan shekara huɗu da shirin sanya 'ya'ya mata a makaranta. Na zaci Turancina ne ya sa suka ɗauke ni, ashe sunan mahaifina suka saya, domin malami ne da ake zuwa ɗaukar karatu a zaurensa, duk ƙauyen da na ambace shi kuwa sai a shimfiɗa mana tabarma. A wani ƙauye na ƙasar Anka muka tarar da yarinya 'yar kimanin shekara 13 goye da ƙaninta tana tallar ƙuli-ƙuli. Shugabar tawagarmu, wadda ba ma Baturiya ba ce, 'yar ƙasar nan ce da aka turo daga Abuja, ta ce in nemo izinin ɗaukar hoto. Mahaifin yarinyar ya ƙi. Ni ne na durƙusa gabansa, na ce masa hoton na ajiyar ofis ne kawai, na ce ni ɗan Malam ne, har na rantse masa da Allah. Ya ce tunda ɗan Malam ne ya faɗa, ya yarda.

Bayan wata biyar hoton ya fito a bangon rahotonsu da shafinsu na Facebook, an rubuta a ƙasansa da Turanci cewa ga yarinyar da aka yi wa auren dole, ga kuma ɗanta a bayanta. Yarinyar da ko baiko ba a yi mata ba! Wani ɗan garinsu mai karatu a Sakkwato ya gani, ya kai labari gida. Ranar da mahaifinta ya zo ina zaune a zaure bayan la'asar, almajirai cike da wurin. Bai ɗaga murya ba, bai zage ni ba, ya ajiye wayar a kan buzun mahaifina ya ce, "Malam, ɗanka ya rantse mini." Da ma marina ya yi, da ya fi mini sauƙi. Mahaifina bai ce uffan ba sai bayan isha'i, ya kira ni ya ce ya koya mini karatu ne don in zama mai shaida, bai san dillali ya raina ba. Ya yi wata biyu ba ya taɓa cefanen da na kawo.

Da na kira shugabar nan ina kuka, dariya ta yi. Ta ce masu ba da kuɗi a Turai ba sa buɗe jaka sai an sosa musu zuciya, ta ce ai ana irin wannan aure a yankin ko da ba wannan yarinyar ba ce, ta ƙara da cewa mutanen ƙauyen ba sa karanta Turanci. Wannan maganar ta ƙarshe har gobe tana ci mini rai, domin da bakina aka yi musu ƙarya saboda an tabbata ba za su iya karanta ta ba. Na rubuta wasiƙa uku kafin a sauke hoton, ba a ba kowa haƙuri ba, ni kuma ba a sabunta kwantiragina ba. Ita an ƙara mata girma.

Saboda haka kada ka ɗauki maganar Baba a matsayin duhun kai. Mutumin da ya ji daga bakin kakanninsa yadda sojojin Lugga suka ci Sakkwato a 1903, da yadda aka ƙarar da ƙauyen Satiru da ke kusa da Sakkwato a 1906, ya kuma ji a rediyo yadda kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara masu sanƙarau a Kano a 1996, yara 11 suka rasu, sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75, yana da dalilin yin taka-tsantsan. Amma ka gaya masa cikin ladabi cewa tsoron ma ya jawo mana asara, domin ƙin rigakafin shan-inna da aka yi a 2003, har da nan Zamfara, yaranmu ya nakasa, ba na Turawa ba. Karatun mata kuwa ba baƙo ba ne a ƙasar da Nana Asma'u ta riƙa aika jajoji ƙauye-ƙauye suna karantar da mata tun kafin Bature ya iso. Abin kunyarmu ne a ce sai wani ya taso daga ƙetare ya tuna mana.

Ni a ganina ka karɓi aikin, amma ka fara sanin wane ne ke ba da kuɗin, domin shi ne ke yanke abin da rahoto zai ce, ba wanda ya sha rana a ƙauye ba. Kada ka taɓa jingina alkawarinsu da sunan Baba ko da rantsuwa. Ka ce "sun ce", kada ka ce "na ce". Idan dattijo ya faɗi magana mai ɗaci ka fassara ta da ɗacinta, idan baƙo ya yi maganar raini kada ka sa mata zuma, domin mu tafintoci mun daɗe muna gyara maganar kowane ɓangare har kowa ya tafi yana zaton an fahimce shi. Hoto kuwa, kada ka nemi izininsa sai ka ga rubutun da za a sa a ƙasansa, ka karanta wa mai shi da Hausa a gaban shaidu.

Kuma don Allah kada ka saki gonarka. A watan Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da yawancin tallafinta na ƙetare, ma'aikata da yawa a Arewa suka wayi gari babu aiki, ba tare da an tambayi ko mai unguwa ɗaya ba. Shi ya sa ban cika zumuɗi ba da na ga maƙwabtanmu na Nijar sun sallami sojojin Faransa a 2023 wasu matasa suna ɗaga tutar Rasha. Na fahimci fushinsu sarai, amma wanda ke jiran a ciyar da shi, ko daga wace nahiya aka kawo akushin, ba shi ke zaɓen miya ba. Ga zinarenmu nan yana fita ta bayan fage, mu kuma an bar mu da ramuka da kaburbura.

Idan za ka koma wurin Baba, ka tafi da wani kawunka da yake jin maganarsa, ka fassara masa takardar aikin layi-layi, ka kuma yi masa alkawarin cewa ranar da aka ce ka faɗi abin da ba haka yake ba za ka ajiye musu katinsu. Ni ban yi wa nawa wannan alkawari ba, kuma ya rasu. Mahaifin yarinyar nan ina haɗuwa da shi a kasuwar Anka, yana amsa sallamata, amma bai sake ba ni hannu ba.