Tambaya da Amsa: Idan Annoba Ta Sa An Rufe Ɗakin Karatu

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Ringim, kuma ni ke kula da ɗan ɗakin karatun da ƙungiyar ci gaban garinmu ta buɗe. A lokacin korona mun garƙame shi har aka koma makaranta, da muka buɗe kuwa sai muka tarar gara ta cinye littattafan da ke kantar ƙasa. Idan wata annoba ta sake ɓullowa, Allah Ya kiyaye, yaya za mu yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Babban abin da hukumomin lafiya suka hana a 2020 shi ne cunkoson jama'a a ɗaki ɗaya, don haka zaman karatu a ciki ne ya kamata ya tsaya, bayar da aron littafi kuwa yana iya ci gaba. Haka ɗakunan karatu da yawa suka yi a Amurka da Ingila: mutum ya faɗi littafin da yake so ta waya, a ajiye masa a bakin ƙofa ya zo ya ɗauka, aka kuma ƙara wa'adin dawowa, aka yafe tarar jinkiri. Littafin da ya dawo sai a keɓe shi na kwana 3 kafin wani ya taɓa, domin gwajin farko da aka yi a Amurka a shekarar ya nuna ba a ƙara samun ƙwayar cutar a kan bango da takarda bayan wannan lokaci.

Sun kuma dogara da littattafan intanet, amma a ganina wannan ba zai ɗauke ku ba, tunda a ƙauye kuɗin data da cajin waya kaɗai sun isa su kori mai karatu. Bayar da aro ta taga ya fi muku amfani. Ka ajiye tebur a gindinta, da buta da sabulu a waje, ka tanadi kwali uku na keɓe littattafan da suka dawo, da aka rubuta ranar dawowa a jikin kowanne, a ɗora su a kan benci don gudun garar nan. Ka keɓe wa kowace unguwa ranarta, ka kuma sanar da mai unguwa da liman, domin sanarwar masallaci ta fi takardar da aka manna a bango isa ga jama'a. Matan aure da ba sa fita kuwa, yaran gidan ne za su kai musu littafin su kuma dawo da shi, sai dai a rubuta sunan maigidan a rajista.

Kowace cuta da yadda take yaɗuwa. Mashaƙon da ya addabi Kano a 2023 yara ya fi kamawa, kwalara kuma ta ruwa da abinci take bi, saboda haka kafin ka buɗe tagar ka fara tuntuɓar jami'in lafiya na asibitin sha-ka-tafi mafi kusa da ku.