Tambaya da Amsa: Ta ina zan fara shirya yaran da suka zo gudun hijira don shiga jami'a?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamin sakandare ne, ina yi wa wasu matasa darasin yamma kyauta a unguwarmu ta Kurna a Kano. Biyu daga cikinsu rikicin Borno ne ya koro su, takardunsu sun ƙone. Uku 'yan Nijar ne, ɗaya yana da BAC, wato takardar gama babbar sakandare ta can, biyu sun tsaya a BEPC, ta ƙaramar sakandare. Sai wata yarinya da iyayenta suka taho daga Sudan bayan ɓarkewar yaƙi a 2023. Dukkansu suna son jami'a. Ina koya musu Turanci da lissafi, amma ban san matakan da za su bi ba. Ta ina zan fara?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka da alheri. Shawararmu ta farko ita ce ka ɗauki mako guda ka ajiye alli, ka sa kowane yaro ya kawo duk wata takarda da yake da ita. Yawancin yaran da ke cikin irin wannan hali ba a ɗakin jarrabawa suke faɗuwa ba, a kan takarda suke maƙalewa.

Yaranka shida kashi uku ne a idon hukuma. 'Yan Borno 'yan ƙasa ne, suna da haƙƙin neman gurbi a jami'ar tarayya kamar yadda ɗan Fagge yake da shi. 'Yan Nijar baƙi ne mazauna. Ita kuwa yarinyar Sudan, a fara tambayar iyayenta: sun yi rajista da hukumar kula da 'yan gudun hijira ta ƙasa, wato NCFRMI, wadda ke aiki tare da UNHCR, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da 'yan gudun hijira? Idan ba su yi ba, wannan ne aikin farko, domin katin ɗan gudun hijira da za a ba ta ne zai buɗe mata sauran ƙofofin. A kuma bincika asalin iyayenta. Akwai iyalai da yawa a Sudan da tushensu Kano ne ko Sakkwato, jikokin mahajjatan ƙasa. Idan uban ko uwar 'yan Najeriya ne, maganarta ta sauya gaba ɗaya.

Daga nan sai lambar NIN. Tun 2021 JAMB ba ta yi wa kowa rajista sai da ita, kuma sunan da ranar haihuwar da ke wurin NIMC, hukumar da ke ba da lambar, su ne JAMB take ɗaukowa kai tsaye. NIMC tana yi wa baƙon da ke zaune bisa ƙa'ida rajista, tana kuma karɓar katin ɗan gudun hijira. A nan ne ake yawan yin ɓarna. Takardar Nijar ta ce Mahamadou Ousmane, mai rajista a shago ya rubuta Muhammad Usman, a fom ɗin WAEC kuma yaron ya ƙara sunan kakansa. Mutum ɗaya ya zama uku. Wasu takardun haihuwa na ƙasashen Faransanci ma shekara kawai suke nunawa, babu rana babu wata. Ku zaɓi rubutu ɗaya, wanda ke kan takardar karatu mafi ƙarfi da yaron yake da ita, ku bi shi harafi da harafi a ko'ina. Inda aka riga aka sami saɓani, a je kotu a yi takardar rantsuwa, a gyara a NIMC tun kafin a buɗe rajistar JAMB. Gyaran yana cin kuɗi da makonni, kuma lokacin rajista layin ya fi tsawo.

Wani abu da za a zo maka da shi, ka ƙi shi tun daga bakin ƙofa: sayo wa baƙon yaro takardar shaidar ƙaramar hukuma don ya zama "ɗan Kano". Ana tantance takardu lokacin shiga, ana sake yi kafin a kammala, kuma jabu yana iya jawo kora a shekarar ƙarshe. Ga wanda ke riƙe da katin gudun hijira abin ya fi muni, domin ya yi iƙirarin ƙasa biyu a rubuce.

Sai takardar gama sakandare. Ƙa'idar jami'a ita ce kiredit biyar, har da Turanci da lissafi, a zama ɗaya ko biyu. Idan 'yan Borno sun taɓa rubuta WAEC, ƙonewar takarda ba ta share sakamako ba. Hukumar tana da manhajar da ake ciro satifiket ta intanet, daga na 1999 zuwa yau. Abin da ake nema shi ne lambar jarrabawa da shekarar. Masu BEPC kuwa matakinsu daidai yake da ƙaramar sakandare. Idan shekarunsu ba su ja ba, gara su shiga SS1 ko SS2 su bi layi. Idan sun girma, su shirya wa WAEC ko NECO ta masu zaman kansu, wadda ake kira GCE, amma kada a yi musu gaggawa: shekara biyu ce tsakani da Allah. Mai BAC shi ne ya fi kusa. A fassara takardarsa zuwa Turanci, a kai ta Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya a tantance darajarta, sannan a je ofishin ɗaukar ɗalibai na jami'ar da yake so a ji sharaɗinsu na shiga aji biyu kai tsaye. Mu dai muna ba da shawarar ya rubuta GCE ko da hakan, saboda kiredit ɗin Turanci. Yarinyar Sudan kuma a duba mata jarrabawar NBAIS, ta makarantun Larabci da addinin Musulunci, wadda ake shiga jami'a da ita. Larabcinta zai ɗauke mata rabin nauyi.

Wannan batu na harshe ya cancanci a tsaya a kai. Jarrabawar JAMB darussa huɗu ce, maki 400, Turanci dole ne. Amma Faransanci, Larabci da Hausa duk darussa ne da ake zaɓa, gwargwadon kwas ɗin da ake nema. Yaron Maraɗi da ya nemi karatun Faransanci, ko 'yar Khartum da ta nemi Larabci a Jami'ar Bayero, sun shiga da makamin da abokan takararsu ba su da shi. Ba muna cewa a hana kowa burin likitanci ba ne, amma a faɗa masa gaskiya: zai rubuta fiziks, kemistiri da bayoloji cikin harshen da bai daɗe da fara koya ba, a kwas ɗin da ya fi kowanne cunkoso. Irin waɗannan yaran sau da yawa sun san lissafin, kalmar tambayar ce take kayar da su. Ka sa kowa ya buɗe littafi mai layi uku: kalmar Turanci, takwararta a Faransanci ko Larabci, da misali. Kalma goma a rana ta isa.

Ranar rajista, kowane yaro ya yi amfani da layin wayarsa na kansa wajen tura NIN zuwa 55019 ko 66019 don samun lambar buɗe fayil. Kada a yi da layin mai shagon intanet, ko layi ɗaya ga yara biyu. Duk saƙon JAMB ta layin nan zai riƙa zuwa. A yi rajista a cibiyar da hukumar ta amince da ita kawai. Tambayoyi 180 ne cikin awa biyu, wato daƙiƙa 40 ga kowace tambaya, kuma a kwamfuta. Wanda bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba, ka kai shi ya zauna gabanta sau ɗaya a mako na wata biyu, ya kuma yi jarrabawar gwaji. Bayan sakamako ya fito, a ɗora sakamakon sakandare a shafin JAMB, a riƙa leƙa CAPS, sashen da JAMB ke nuna gurbin da aka ba ɗalibi, a danna amincewa idan gurbi ya fito. Kuma kada a manta da Kwalejin Ilimi ta Sa'adatu Rimi, da Foli ta Jihar Kano, da karatun share fage na IJMB a kwalejin CAS ta Kano. Duk hanyoyi ne da ke kaiwa aji biyu a jami'a.

Kuɗi kuma a yi maganarsa da wuri. Bashin karatu na NELFUND na 'yan ƙasa ne, don haka 'yan Borno za su iya nema. Tallafin jiha kuwa daga jiharsu ta asali za su nema. Mai katin gudun hijira ta nemi DAFI, tallafin da gwamnatin Jamus ta kafa a 1992 wanda UNHCR ke gudanarwa. Jami'o'i suna da jadawalin kuɗi daban na ɗaliban ƙasashen waje, saboda haka a tambayi adadin tun kafin a cika fom, a kuma nemi wasiƙa daga NCFRMI zuwa ga magatakardan jami'ar.

Kada ka tambayi yaro labarin abin da ya koro shi; in ya ga dama zai faɗa da kansa. Masu tsaron shago a kasuwar Kwari ko Singa, ka je ka gaida ubangidansu ka roƙa musu awa biyu sau uku a mako. Yarinyar kuma ka haɗa ta da wata malama ko ɗalibar jami'a, ku je gidansu tare ku zauna da mahaifinta kafin a sayi fom.