Biraket ɗina na tsagewa a jikin janareto, in sayi manhajar zane ne?

Wani mai shagon walda a Kano ne ya turo min wannan: "Malam ina haɗa biraket na ƙarfe da ake ɗaure tankin mai da salansa a jikin janareto da injin niƙa, amma bayan 'yan watanni sai su tsage a wajen waldar, kwastoma ya dawo yana faɗa in sake mishi kyauta. Wani yaro ya ce in sayi laftof da manhajar zane ta SolidWorks komai zai gyaru. Na tara 'yan kuɗi, in saka su a nan?"

Maigida kar ka saya tukunna. Lasisin SolidWorks na gaske dubban daloli ne, wanda ake sa wa mutane a kasuwa da araha kuwa na sata ne, ranar da wani kamfani zai ba ka kwangila ya nemi takardu za ka sha kunya, ga kuma virus. Kuma ko kyauta aka ba ka wa zai zauna ya koya, kai da kake kan aiki tun safe?

Bari mu fara da abin da ke fasa ƙarfen, don ba nauyi ba ne, girgiza ce. Ƙaramin janareto yana juyi 3000 a minti, wato sau 50 a daƙiƙa, manyan na dizal da yawa 1500 suke yi, sau 25 kenan. Shi ma biraket ɗinka da kayan da ya ɗauka yana da nasa saurin kaɗawa, in ya zo daidai da na injin to fa shikenan, girgizar sai ta ninka, ƙarfen ya yi ta lanƙwasuwa kaɗan kaɗan sau miliyoyi har ya gaji ya tsage, kuma kusan kullum daga bakin walda yake farawa inda ta haɗu da ƙarfen. Aikin manhaja shi ne ta gaya maka lambar saurin kaɗawar biraket ɗinka kafin ka yanka ƙarfe, sai ka nesanta ta da 50 ko 25 ɗin.

A nan ne mutane ke asarar kuɗi, sai su tafi Ƙofar Ruwa su ce a ba su ƙarfe "mai ƙarfi" mai tsada. Ba ya magani. Ƙarfe mai tsada da na gama gari kusan ɗaya suke wajen lanƙwasuwa, kuma da zarar an yi walda juriyarsu ga girgiza ma kusan ɗaya ce. Siffa ce ke aiki. In ka rage tsawon hannun biraket da rabi taurinsa zai ninka sau 8, ka ga ka ma rage ƙarfe kenan. Ninka kauri ma sau 8 yake bayarwa amma wannan kai za ka biya. Ɗan ƙarfe mai kusurwa uku da za ka tokare lungun biraket ɗin da shi, daga ragowar yanke-yanke za ka samu. Ka daina tsayar da walda ko fara ta a daidai lungu, ka zagaye shi, ka sa giranda ka goge bakin waldar ya yi sumul, sannan ka sa roba tsakanin biraket da inji. Ka kuma riƙa auna kaurin ƙarfe da kanka, abin da ake ce maka mili 3 ba kullum yake cika ba.

Maganar kuɗin kuma, ni shawarata ka sayi zane a wajen wanda ya iya. Akwai FreeCAD, kyauta ce, kuma tana yin wannan lissafin na girgiza. Ka nemi yaron da ya gama injiniyancin kanikanci a BUK ko ABU Zariya, suna nan da yawa ba aikin yi, ka ba shi biraket biyu ko uku da ka fi sayarwa, ka gaya mishi nauyin kayan da saurin injin, ku yi tsada a kan kowane zane, ba albashi ba. Rabi yanzu, rabi bayan an ɗaura a inji ya yi aiki, kuma ku rubuta cewa zanen naka ne, in ba haka ba gobe za ka gan shi a shagon maƙwabcinka. Kar ka yarda da kalolin da manhajar ke nunawa a kan allo kawai dan Allah, kwamfuta tana ɗauka waldar yaranka ba ta da aibi, ni da kai kuwa mun san yaran shago. Akwai phyphox, manhajar waya ce ta kyauta da wata jami'a a Jamus ta yi, ka ɗaure waya a jikin biraket inji na aiki za ta nuna maka girgizar.

Kafin ka biya kowa ka ɗauki littafi ka rubuta guda nawa suka dawo a wata 6 da suka wuce, kuɗin ƙarfe, sandar walda, man janareto da wunin yaro. In kuɗin zanen bai wuce wannan asarar ba, biya. Ragowar abin da ka tara ka yi ma'auni na ƙarfe da zai sa kowane biraket ya fito iri ɗaya, sai ka ɗan ƙara farashi ka ba da garantin wata 6 a rubuce.